Maki Uku Cif a Tikitin Orval

Shekara goma sha ɗaya Orval Pettibone yana riƙe da kuɗin cacar ma'aikatan kicin ɗin otal ɗinmu a Las Vegas. Mu takwas ne, kowa dala talatin duk Lahadin da ake ƙwallon Amurka. Tiza yake saya mana kullum: ka zaɓi ƙungiya biyu, gidan caca ya yi maka rangwamen maki shida a kowace, amma dole duka biyun su ci maka.

Sai Yesenia Quiroga mai gasa burodi ta ce tana son riƙon.

"Gidan da kake zuwa cutarmu suke, Kawu."

"Ji 'yar nan! Duk garin nan wa ya kai su biya?"

"Sun fi biya, na yarda. Ka taɓa juya bayan tikitin? In aka yi canjaras da makin da suka sa, kuɗinka ya tafi. Inda nake zuwa mayar maka suke yi."

"Canjaras! Sau nawa ake yi a shekara? Koma kan ƙullunki."

Muka raba kuɗin biyu, kowannensu ɗari da ashirin, ƙungiyoyi iri ɗaya. In an ci, gidan Orval zai ba da ribar ɗari da tara, na Yesenia casa'in da biyu. Wanda ya dawo da mafi tsoka, shi ke riƙe mana daga ranar.

Ƙungiyar farko ta ci mana tun da hantsi. Saura masu koren riga. Da an ce sai sun ci da fiye da maki tara, rangwame ya mayar da shi uku.

Ƙarfe huɗu na yamma muna cunkushe a ɗakin hutu, kowa da warin albasa a hannun riga, ido a kan talabijin. Maki ashirin da ashirin. Saura daƙiƙa arba'in, masu koren riga suna taku biyar da layin ci. In sun shiga da ƙwallon, maki shida, Orval ya tsira. In sun buga ta tsakanin sanduna, uku ne cif.

Orval ya hau kujera da ludayi a hannu.

"Ku shiga! Taku biyar ne, ko ni da gwiwar nan tawa zan shiga!"

"Sauko, tsoho, kar ka karye mu rasa mai miya," in ji Thaddeus mai yankan nama.

Suka ba wani ƙato ƙwallon. Ya kutsa, ya ture mutum biyu, aka kayar da shi saura taku ɗaya. Ɗakin ya ɗauki ihu. Har ni da ba na magana na ji muryata a ciki. Dukanmu shigar muke so, don tikiti biyu za su ci. Yesenia kaɗai ta kama bakinta da hannu bibbiyu.

"Sake ba shi! Sake ba shi, don Allah!" in ji Orval.

Amma kocin ba ruwansa da tikitinmu, wasa yake so ya ci. Ya bar agogo ya yi ta tafiya har saura daƙiƙa uku, sannan ya turo wani ɗan siriri mai bugu.

"A'a! Matsoraci! Wa ya aike ka?" Orval ya jefar da ludayin.

Ƙwallo ta tashi, ta ratsa tsakiyar sanduna. Masu koren riga ashirin da uku, abokan karawarsu ashirin. A talabijin mutane suna rungumar juna. Sai Yesenia ta daka tsalle har hularta ta faɗi.

"Uku cif! Ɗari da ashirin ɗinku na nan, ba abin da ya taɓa su!"

Thaddeus ya ɗaga hannunta sama, sauran suka hau buga tebur.

Orval ya sauko a hankali, ya zauna, ya daɗe yana murza gwiwa.

"To, shugaba," ya ce. "Mako mai zuwa wa za mu bi?"

"Sai na duba, Kawu."

"Duba da kyau. In kika zaɓi masu koren rigar nan, da dala talatin ɗina zan sayi taba."