Gishirin da Aka Hana Inna

Bugun ƙofar ne ya fara isa wurin Inna, ba hayaƙin ba. Tana zaune a falo, tabarau a karan hanci, tana ɗinka maɓalli a rigar wata mai kawo mata ɗinki, sai ta ji kamar za a ɓalle ƙofar.

"Maƙwabciya! Buɗe! Wuta!"

Tana zare sakata Kafinta ya faɗo ciki, fensir a bayan kunne, jiƙaƙƙen buhu a hannu. Shi ne mai shagon da ke ƙasan benen da take haya, tsoho sa'anta, wanda ko kare ya biyo shi ba ya gudu, amma a ranar nan da gudu ya yi kicin. Yana tura ƙofar hayaƙi baƙi ƙirin ya yo waje. Tukunyar shinkafa ta ƙone ƙurmus, mariƙinta na roba yana ɗiga, tsumman da ke gefe ya kama. Ya kashe gas, ya danne tsumman da buhu, ya wangale taga.

"Tun daga shago na jiyo ƙauri," in ji shi yana tari. "Ke da ƙofa ɗaya ce ta raba ku, ba ki ji ba?"

Inna ba ta ji ba. Tun wata mura da ta yi mata kamun kazar kuku watannin baya hancinta ya toshe, ƙamshi da wari duk suka zama ɗaya a wurinta. Ban da likita, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san ɗanta.

Ta roƙi Kafinta ya rufa mata asiri, ya yi alkawari. Amma hayaƙi ba ya riƙe sirri. Matar da ke ɗakin da ke kallon nata ta riga ta buga waya. Kafin rana ta faɗi ɗan nata, Dogo, ya iso, da rigar aikinsa ta direban babbar mota, yana sunkuyawa don kada ya buga kai a ƙofa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon kicin da ya yi baƙi.

"Inna, ki haɗa kayanki. Gidana za ki koma."

"Tukunya ce ta ƙone, ba ni ba."

"Yau tukunya. Gobe idan gas ne ya tsiyaya fa? Ke da ko wannan ƙaurin ba ki ji ba, wa zai ji? Kafinta ba ya kwana a shago."

Ta waiga ta kalli falon. Keken ɗinkinta a gindin taga, inda haske ya fi kyau da safe. Kujerar marigayi mijinta, da ƙafa ɗaya da Kafinta ya sha gyarawa. Matan unguwa da ke hawowa da yadi da labari. A gidan Dogo, can bayan gari, za a ba ta ɗaki mai kyau, jikoki su yi ta hawa kanta, surukarta ta hana ta taɓa ko tsintsiya. Za a so ta har ta rasa abin yi.

"Yaushe za ka dawo daga wannan tafiyar?"

"Ƙarshen wata."

"To ka bar ni zuwa lokacin. Ka zo ka gwada ni. Idan hancin bai buɗe ba, da ƙafata zan hau motarka."

Dogo ya koma kicin. Ya kwance tulun gas ɗin ya saɓa a kafaɗa, ya ce zai sa a kawo mata murhun lantarki mai kashe kansa. A bakin ƙofa ya juyo. "Kin yi alkawari fa, Inna."

Da safe ta sauka shagon Kafinta don ta mayar masa da buhunsa. Ta same shi a bayan shago, ya sunkuya kan wani tsohon baho, ya karkatar da kai kamar kaza mai kallon shaho, yana matsa wata 'yar gorar roba a hanci. Ruwa na shiga ta ƙofa ɗaya yana fita ta ɗayar.

"Wannan azabar kai ma an ɗora maka?" in ji ta.

Ya fyace a hankali, ya goge fuska. "Azaba? Ba don wannan ba da tuni garin katako ya binne ni da raina. Safe da yamma nake yi."

"Likita ya ba ni irinta. Sau ɗaya na gwada, na ji kamar an zuba min barkono har tsakar ka. Na jefa ta a durowa."

"Gishiri nawa kika sa?"

"Gishiri? Ni da hawan jini? Likitan da kansa ya hana ni gishiri. Dogo ya kwashe na gidan kaf ya kai wa matarsa. Ruwan famfo kawai na ɗura, mai sanyinsa."

Kafinta ya yi dariya har fensir ya faɗo daga kunnensa.

"Maƙwabciya, ai ba miya za ki yi a hancin ba! Tsurar ruwa shi ke ƙuna. Gishirin nan shi ne ke sa ruwan ya zama ɗan gida, ya wuce lafiya. Kuma ba haɗiyewa za ki yi ba."

Ba ta yarda da likitancin mai zarto haka kawai ba. Ta buga wa nas ɗin asibitin da take zuwa awon jini. Nas ta ce gaskiyar Kafinta: a tafasa ruwa tukuna, kada a ɗebo kai tsaye daga famfo, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, a wanke gorar a shanya bayan an gama. Idan ta ga jini ko kunne ya yi ciwo, ta zo.

Kafinta ya ɗebo mata gishiri a wani gwangwanin ƙusa da ya wanke tas. Ta hau bene da shi a ƙarƙashin mayafi kamar ta sato.

Ta tsaya gaban abin wanke hannu na banɗaki, ta sunkuya, ta karkata kai, ta buɗe baki tana numfashi ta nan kamar yadda ya nuna mata. Ta runtse ido tana jiran barkonon. Bai zo ba. Wani ɗumi ne kawai ya ratsa can ciki, ya yi ɗan jinkiri kamar baƙo mai neman hanya, sannan ya ɗigo ta ɗaya ƙofar. Ta juya kai ta yi wa ɗaya gefen.

Ta shinshina sabulu. Babu komai.

Washegari ma babu. Kwanaki suka yi ta wucewa, numfashi ya fara sauƙi, barci ya daidaita, amma ƙamshi ya ƙi dawowa. Kullum sai ta bi kayan gida tana kai wa hanci: ɓawon lemo, man keke, hular marigayi. Har ta fara ware tufafin da za ta bayar idan tafiya ta kama.

"In kina so," in ji Kafinta, "ranar gwajin in zo in zauna. In sabulu ya miƙo miki in yi tari ɗaya, in lemo ne in yi biyu."

"Kai da tarinka ba ya ƙarewa? Sai ka sa in ce wa ɗana kifi ne." Ta girgiza kai. "Bari. In na yi masa ƙarya, gas ɗin ma zan yi masa ƙarya?"

Wata safiya, bayan ta gama wankin hanci, ta zauna a keke ta buɗe taga. A ƙasa Kafinta yana goge katako. Sai wani abu siriri ya shigo, ɗan ɗaci-ɗaci, ɗan zaƙi-zaƙi. Ta cire ƙafa daga keken. Sabon katako ne. Ta zauna shiru tana ja a hankali, tana tsoron kada ta firgita shi ya gudu.

Ƙarshen wata Dogo ya zo da motar kwasar kaya da ya aro, ya ajiye ta a ƙofar shago. Ya zaunar da Inna, ya ɗaure mata ido da ɗankwalinta, ya fito da ƙananan kwalabe daga leda. Kafinta ya jingina da ƙofa, ya toshe bakinsa da hannu don kada tari ya ɓata masa suna.

"Wannan fa?"

"Kananzir."

"Wannan?"

Ta ja, ta sake ja. Wannan ya yi mata nisa. "Sabulu?"

"Albasa ce, Inna." Muryarsa ta yi laushi, irin laushin wanda ya riga ya yanke hukunci. Ya matso ya durƙusa zai kwance ɗankwalin. "Kin gani ko? Ba don in ɓata miki ba ne."

Ta cafke hannun rigarsa. Ta jawo shi kusa da fuskarta.

"Dogo."

"Na'am."

"Yaushe ka koma shan taba?"

Ta sake shinshina rigar.

"Ka sha, ka bi da alewa mai sanyi, ka fesa turaren mota a riga. Kai da ka rantse min a gaban matarka ka daina."

"Inna, abokin tafiyata ne yake..."

"Abokin tafiyarka a bakinka yake zama?"

Tarin da Kafinta ya daɗe yana riƙewa ya ƙwace tare da dariya. Dogo ya zauna daɓas a ƙasa, yana sosa ƙeya kamar ɗan makaranta. Can shi ma ya fara dariya.

"Shi ke nan. Ki zauna. Amma sai an sa miki na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, kuma gas sai hancin ya gama dawowa."

"Na yarda. Kai kuma ka ajiye min kwalin da ke aljihunka."

Ya ajiye. Ta tashi za ta dafa musu shayi, tana tafe tana shaƙar gidanta, ƙura da man keke da ragowar ƙaurin bango, duk suna mata daɗi. A tsakiyar falo ta tsaya cak.

"Wa ke fenti a benen nan?"

"Babu kowa," in ji Kafinta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ya buɗe. Wani mutum ne da ba su taɓa gani ba, gajere, takalmansa duk ɗigon farin fenti, da abin awo rataye a ɗamara. Bai kalli kowa ba. Bango yake kallo, da taga, da inda keken ɗinki yake.

"Sannunku. Nan ne ɗakin tsohuwar?" Ya zaro abin awon. "Sabon mai benen ne ya turo ni. Ya ce gyara zai yi wa benen duka, da nan za a fara."