Ƙwayar da Auta ta Aiko

Ta zazzage jakarta a kan teburin likita, kwalaben magani biyu suka gangaro. Mijinta, tela, ta baro shi kan benci a waje, yana danne hannun dama da na hagu don kada a ga rawar da yake yi.

"Farar nan taku ce," ta ce. "Ruwan ɗorawar kuwa autarmu ce ta aiko. Kiyu-ten wai sunanta. A waya ta gani, an ce tana gyara ƙwaƙwalwa."

Likita ya jujjuya kwalbar. "Koenzayim ne, Mama. Sinadari ne da jiki ke yi da kansa, yana taimaka wa ƙwayoyin jiki su sami ƙarfi."

"Tana warkarwa?"

"An gwada a kan masu irin ciwon Malam. Ƙaramin gwaji kamar ya nuna alama, babban bai nuna komai ba."

"Ba ta yi ke nan."

"Wasu dai na ta bincike."

"To tana yi ke nan."

"Ban ce ba, Mama."

Kanta ya ɗaure tamau. Mutum da duk wannan karatu, a ce ya kasa cewa e ko a'a!

Likita ya girgiza kwalbar farar, ya ɗago kai. "Wannan ai a cike take."

Nan ta fashe. Sati uku ke nan Malam bai taɓa ta ba, wai tana tayar masa da zuciya. Ta Auta kuwa a aljihun keken ɗinki yake ajiye ta tare da allurai, duk wanda ya kawo ɗinki sai an nuna masa. Jiya ya kusa rabin awa yana neman kafar allura, kuma ya hana kowa sa masa hannu. Ta juya baya ta yi kuka.

"Ta Auta, ya sha ko ya bari," in ji likita. "Farar ce dole. In ba haka ba, hannun nan zai raba shi da keken. Shigo da shi in gaya masa."

Ta san mutuminta. Likitoci biyu ya yi wa yaji a bara, kan abin da bai kai kushe kyautar Auta ba.

"Bari, ɗan nan. Ni zan gaya masa."

Ta fito ba ta san me za ta ce ba. Malam ya matsa mata wuri.

"Me ya ce kan maganin Auta?"

"Ya ce…" Ta zauna kusa da shi. "Ya ce ba ya tafiya shi kaɗai. Sai fara ta shiga ta buɗe masa hanya."

"Ashe! Shi ya sa! Yarinyar nan ba ta yi min bayani ba."

Ya miƙo tafin hannu yana karkarwa. Ta sa masa farar, ya kora da ruwa, ko yamutsa fuska bai yi ba. Daɗi ya kama ta, kunya kuma ta biyo baya, don shekara talatin da huɗu ba ta taɓa shirga masa ƙarya irin wannan ba.

Ya goge baki, ya miƙe. "Tashi mu koma ciki. Mutumin nan ya san aikinsa, ina so in ji daga bakinsa."