Akwatin da Gogo Ta Lulluɓe

Sau uku Yusrah ta danna rimot, sau uku talabijin ya nuna mata shuɗin allo da rubutu ɗaya: ba a sami komai ba.

"Ya ƙi fitowa ne?" in ji Gogo, mahaifiyarta, daga kan tabarma. Kowa a gidan Gogo yake ce mata, har 'ya'yan da ta haifa.

"Yanzu zai fito, Gogo. Bari in duba waya."

Ta durƙusa bayan talabijin. Na'urar faifai tana kunne, wayar da ke shiga bayanta kuma tana nan daram. Ta bi wayar da hannu a gindin bango, ta wuce ƙofar falo har lungun da take ajiye littattafan makaranta. A nan ta tsaya.

Baƙin akwatin ajiyar bidiyo, wanda bai fi girman burodi ba, an naɗe shi da farar babbar riga ninki uku, an kuma ɗora masa mayafin leshi. Ta san rigar. Ita kaɗai ce ta iso Yola cikin kayan mahaifinta. Da ta yaye ta, ta taɓa ƙarfen, sai ta janye hannu da sauri. Daga ciki wani sauti yake fitowa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon da ya kasa wuce minti ɗaya.

Mahaifinta, Malam Hamajoɗa, malamin dabbobi ne da aiki ya kai shi Mubi. Ranar da mayaƙa suka shiga garin ya sa iyalinsa a mota, ya ce su yi gaba zai biyo su. Bai iso ba. Gidan ya ƙone da hotunansu da faya-fayan bukukuwansu duka. Sai bayan shekara uku Yusrah ta haɗu da Hosea a Jimeta, mutumin da yake ɗaukar bidiyon biki a unguwarsu ta Mubi. Ya gudo da ma'ajiyar kwamfutarsa a aljihu, a ciki kuwa akwai bikin sunan ɗan da aka haifa wa yayanta Umair. A wannan bidiyon Malam Hamajoɗa ya yi magana ta minti huɗu da 'yan daƙiƙu.

Hosea ne ya haɗa mata komai a gidan da suke zaune a unguwar Damilu. Bidiyon yana zaune a cikin akwatin, waya tana kai shi wajen na'urar faifai, ita kuma ta nuna a talabijin. Gogo ba ta yarda da kwamfuta ba, amma na'urar faifai ta san ta tun Mubi. Maɓalli biyu ta koya, kuma kowace Asabar bayan karin kumallo sai ta kalla.

Makon jiya ne ta tambaya, "Wai ni kam, yaya yake fitowa alhali ba a sa faifai ba?"

Yusrah, da ta saba yi wa 'yan aji biyu bayani, ta kama hannunta ta kai ta lungun. "Baba ba ya cikin waccan, Gogo. Nan yake. Waya ce kawai take kawo shi."

Washegari Yusrah ta tafi aikin duba takardun jarrabawa na kwana biyar.

"Kin ga na rufe shi ko?" in ji Gogo, wadda ta biyo ta a baya. "Shekara da shekaru ina lulluɓe waccan ta falo, ashe shi yana nan a yashe kamar kwanon kaji. Ba ki taɓa gaya mini ba."

Watan Afrilu ne, bangon ɗakin ma ɗumi yake yi.

"Kin kyauta, Gogo," ta ce. Ta zare wayar wuta. "Zan kai wa Hosea ya duba shi. Ba zan daɗe ba."

A cikin keke napep ta rungume akwatin a cinya, zafinsa yana ratsa zanenta. Tsohuwar ma'ajiyar Hosea ta mutu tun bara waccan. Tun lokacin yake ce mata ta yi kwafi na biyu, ita kuma tana cewa sai an yi hutu. An yi hutu shida.

Shagon Hosea yana wani layi bayan kasuwar Jimeta, tsakanin mai sayar da batura da mai ɗinkin labule. Ya karɓi akwatin, ya juya shi, ya sunsuna ramukan iskar da ke bayansa.

"Malama, wa ya dafa wannan? Ai saura gishiri kawai."

"Rufe shi aka yi da riga. Kwana biyar."

"A kunne? A wannan zafi na Yola?" Ya ɗago kai zai yi dariya, sai ya ga fuskarta. "Gogo ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Haka mamana ma. Rediyo ya sa masa riga, firji ya sa masa riga, ni kaɗai ne ya bari ina yawo da singileti." Ya jawo kujera. "Zauna. Kin yi kwafin nan da na ce?"

"Ban yi ba."

Ya kwance akwatin, ya fito da faifan ƙarfen da ke ciki, ya ajiye shi gaban fanka.

"Sai ya huce. Dama ɗaya muke da ita, ƙila biyu. In na kunna ya tashi, ba za mu duba komai ba, ba hoton makaranta, ba takardunki. Baba kawai za mu ɗauko mu gudu."

"Kamar yadda ka yi a Mubi."

"A Mubi ai ko takalmi ban ɗauko ba. Matata har yau tana gori, wai na bar satifiket ɗin aurenmu na ɗauko bikin mutane."

Suka jira. Aka kira azahar, ta je ta yi salla a bayan shagon mai labule ta dawo. Sannan ya haɗa faifan da kwamfutarsa. Ƙas, ƙas, sai ya yi shiru ya fara juyawa. Wani koren layi ya bayyana a allo yana tafiya a hankali. Ya kai rabi ya tsaya. Yusrah ta ji ta damƙe gefen kujera. Layin ya motsa, ya sake tsayawa, ya daɗe, sannan ya ja jiki har ƙarshe. Minti biyu bayan haka faifan ya yi wata 'yar ƙara ya mutu.

Hosea ya buɗe bidiyon. Ga tsakar gidansu na Mubi, ga mata suna tuƙa tuwo, ga ragon suna a ɗaure a jikin bishiyar mangwaro. Ga Umair yana ta washe baki. Kyamara ta juya wajen rumfar maza, sai hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kore da toka-toka.

Amma muryar ta fito.

"To, jama'a, ni dai ba malamin wa'azi ba ne, malamin shanu ne..."

Aka ji dariyar mutane. Muryar ta ci gaba, tana ɗan tsinkewa nan da can. Hoton bai dawo ba sai da ya gama magana.

"Ba yadda za a yi?" ta tambaya.

"Wurin da ake yawan kallo shi ya fi gajiya, ko kuwa rashin sa'a ne, ban sani ba. Murya in ta rasa kaɗan tana tsallakewa. Hoto kuwa kowanne yana jingina da na gabansa, in ɗaya ya faɗi sai su bi shi." Ya share goshi. "Zan ƙara gwadawa, amma kar ki sa rai."

Ya buga mata faifai uku. Ya ce ɗaya na gida, ɗaya ta kai wa Umair, ɗaya ta bari a wurinsa.

A hanyar komawa ta shirya abin da za ta faɗa. Akwatin ya tsufa, kayan wuta haka suke. Ba za ta ambaci riga ba. Amma Gogo ba yarinya ba ce, da ta ga koren allon nan za ta haɗa ɗaya da ɗaya.

Ta tarar da ita a inda ta bar ta, carbi a hannu.

"An gyara?"

"Yanzu a faifai yake, Gogo. Wannan kina iya naɗe shi yadda kike so, ba abin da zai same shi."

"Yauwa. Abin da mutum zai riƙe a hannunsa."

Yusrah ta sa faifan, ta zauna a gefenta, ba ta kallon talabijin sai fuskar uwarta. Hayaniyar mata ta wuce, kukan rago ya wuce. Allon ya farfashe.

"To, jama'a, ni dai ba malamin wa'azi ba ne..."

Gogo ta yi murmushi. Ta matsa gaba kaɗan, idanunta a kan koren allon.

"Kin gan shi," ta ce. "Yana gyara hular nan. Kullum in zai yi magana a taro sai ya tura ta baya, sai ka ce ita ce ta hana shi."

Yusrah ta dubi talabijin. Babu hula, babu fuska, sai murabba'ai suna rawa. Ta sake duban uwarta, a natse wannan karon, daga kusa. A tsakiyar baƙin kowane ido akwai wani fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Gogo, tun yaushe idonki yake haka?"

"Yi shiru, ɓingel am, 'yata, yana addu'a."

Ta yi shiru. Suka shafa tare da mutanen Mubi. Da aka gama, Gogo ta ce da ita, ba tare da ta juyo ba, "Ya kwana biyu. Ban so in ɗora miki wani abu ba. Kina da makaranta."

Yusrah ta san yanar ido. Shugabar makarantarsu an cire mata bara, cikin mako ɗaya ta koma karanta rajista ba tabarau. In aka yi wa Gogo aikin, za ta ga tsani da bakin rijiya, za ta ga fuskar jikokinta. Za ta kuma zauna a kan tabarmar nan wata Asabar ta ga abin da ke allon, ta tambayi dalili.

Ta daɗe tana juya wayarta a hannu. Sannan ta tashi ta fita baranda, ta kira shugabar.

"Hajiya, ina wuni. Don Allah wane likita ne ya duba miki ido? Ranar Litinin nake so in kai Gogo."

Daga falo ta ji an danna maɓalli, muryar ta sake farawa daga farko.