Firintar da Ta Ƙi Kwamfutar Agnes

A damunar 2014, lokacin da mutanen Gwoza masu gudun hijira suka cika harabar wani coci a Maiduguri, aikin rubuta sunaye ya faɗo kan Agnes Dzarma, sakatariyar cocin. Duk wanda ya iso sai ya zauna gabanta ya faɗi sunansa da ƙauyensu da waɗanda ya rabu da su a hanya. Ita kuma ta shigar a kwamfuta, ta buga a takarda, a manna jikin bango.

Kwamfutar ta ƙaninta Thomas ce. Kafin aiki ya kai shi Jos, ya cire Windows ya sa mata wani tsari da ake kira Linux, ya ce tsohon inji ya fi jin daɗinsa. Shekara uku ba ta taɓa ba ta matsala ba.

Firinta ce ta mutu. Agnes ta hau Keke Napep ta sayo sabuwa a shagon wani dattijo mai suna Ba Ajimi da ke Limanti. Da ta jona, shiru. Ta sauya kebur, ta kashe ta kunna, shiru dai. Washegari ta koma shagon da kwamfutar a jaka.

Ba Ajimi ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon allon.

"Madam, wannan wane iri ne? Ni ban taɓa gani ba."

Ya kira kamfanin firintar a Legas, ya buɗe murya don ta ji da kunnenta. Matar da ta ɗauka ta saurara cikin ladabi, har aka ambaci Linux. Nan ta ce su ba sa taimaka wa masu irin wannan, sai dai a goge a sa Windows.

"Kin ji," in ji Ba Ajimi. "Ki bari in goge. Kafin la'asar an gama."

"Sunan mutum dubu biyu da ɗoriya ne a ciki, Baba. In wani abu ya lalace, wa zan sake zaunarwa ya faɗa mini?"

"To ni kam hannuna ba zai taɓa abin da ban sani ba."

Za ta rufe kwamfutar ke nan ya ce ta dakata. Idonsa ya tsaya kan jerin sunayen.

"Kiristoci kaɗai kuke rubutawa?"

"Duk wanda ya zo."

Ya ce ɗiyar yayansa, Aisa, tana aure a Gwoza, wata biyu ba labari. Agnes ta rubuta sunan ta bincika. Akwai Aisa huɗu, babu tasa. Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ta tambaye shi sunan mijin da na yaran, ta ƙara su cikin waɗanda ake nema.

Da ta miƙe, ya ce, "Ki riƙa zuba su a filash kina kawowa. Injin shago zai buga. Takarda kuma tawa ce."

Haka aka yi. Duk Litinin da Alhamis takan ratsa shingen sojoji biyu ta zo, ya buga kwafi biyu, ɗaya na coci, ɗaya ya manna a ƙofar shagonsa. Mutanen unguwa suka fara tsayawa suna karantawa. A mako na uku wani mahauci daga Kasuwar Shanu ya ga sunan mahaifiyarsa cikin waɗanda suka iso, ya bar kekensa a nan ya bi Agnes zuwa coci.