Marin da Bai Zo Ba

Tun da Auta ya amince a yi masa baftisma, barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai dai ya tura don dole. Yaya yake tsoro, wansa da ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya koya masa aikin kafinta, har yau kuma a shagonsa yake cin abinci. A gidansu kuwa ba a taɓa yin Kirista ba.

A cocin akwai wani tsoho mai gyaran takalma, wanda danginsa suka kora tun yana saurayi a kan irin wannan magana. Auta ya same shi a rumfarsa ya ce, "Baba, don Allah ka zama Yayana. Ka zage ni, ka yi min duk abin da aka yi maka, in saba tun yanzu."

Tsohon kuwa kamar jira yake. Kullum da tsakar rana Auta zai sulale daga shago, ya tsaya gaban tulin tsofaffin takalma ya ce, "Yaya, na bi Yesu." Sai tsohon ya tofar da ƙusar da ke bakinsa ya hau shi da faɗa: butulu, ɗan asara, ka zubar mana da mutunci, fice min daga shago! Ran nan abin ya ɗebe shi har ya zabga wa Auta mari na gaske, wata mai jiran gyara ta arce da takalmi ƙafa ɗaya. Auta ya dafe kunci ya ce, "Na gode, Baba." Ya koyi tsayawa hannuwa a baya. Ya koyi amsa zagi da "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Har 'yan kayansa ya kwashe a jaka ya kai wa tsohon ajiya, ko da za a kore shi da rigar jikinsa.

Ana gobe baftisma ya sami Yaya yana yanka katako. Ya mayar da hannuwa baya ya ce, "Yaya, na bi Yesu."

"Na sani," in ji Yaya. "An ga kana shiga coci, matar maƙwabci kuma ta kai wa Inna."

Auta ya rufe ido yana jiran mari. Shiru. Da ya buɗe, sai ga Yaya ya ajiye zarto ya durƙusa a cikin garin katako. Yaya fa! Mutumin da ko tari ya yi sai shagon ya yi tsit.

"Ba zan dake ka ba, ba zan kore ka ba. Je ka yi abin da za ka yi gobe, na kau da kai. Amma Inna ta daina cin abinci tun da ta ji, likita kuma ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki tashin hankali ba. Ka shiga ka ce mata ƙarya ne. Shi ke nan roƙona, Auta. Ƙarya ne, ka fito."

Wayyo! Wannan kam ba wanda ya koya masa. Da Yaya ya rotsa masa kai da guduma da ya fi masa sauƙi. Ya kama shi zai ɗaga, Yaya ya ƙi tashi sai da ya yarda su tafi gida tare.

Duk hanya addu'a yake, addu'ar da shi kansa ya ji kunyarta: Ya Yesu, sa mu tarar tana barci. Sa ta manta. Sa kar ta tambaya. In na ce ƙarya ne na musanta ka, in na ce gaskiya ne na kashe uwata, to ina zan sa kaina?

Idonta biyu. Ɗakin yana warin man zafi, kwanon abinci na gefe ko taɓawa ba a yi ba. Ta rame har zoben hannunta yana yawo. Tana ganinsa ta miƙo hannu, ya durƙusa bakin gado, ta damƙe yatsunsa.

"Autana. Na ce musu ɗana bai taɓa yi min ƙarya ba, bari ya zo in ji daga bakinsa. Sharri suke maka, ko?"

Daga bakin ƙofa Yaya yana gyaɗa masa kai, hawaye na bin gemunsa. Auta ya dubi Inna. Yana son matar nan fiye da ransa.

"Gaskiya ne, Inna. Na bi Yesu. Amma ni ɗanki ne, har abada ni..."

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗan jima tana shafa bayan hannunsa da babban yatsa, sannan ta ɗaga hannun a hankali ta mayar masa a kan gwiwarsa. Ta juya fuskarta bango.

"Babba," ta kira Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa, "baƙon nan ya sha rana. Ba shi ruwa, ka raka shi bakin hanya."