Gudun Mushe Ɗan Azumi

A ƙasar Madarumfa babba ba ya gudu. Yaro ya yi, kare ya yi, ɓarawo ya yi. Amma in aka ga mai gemu ya kwasa a guje, to ko gobara ce, ko shanu sun faɗa gona, ko wani ne yake kan gargara. Shi ya sa duk wanda ya ga haka sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tari mutumin da tambaya guda: "Lahiya?" Babu littafin da aka rubuta wannan doka a ciki, kuma babu wanda ya taɓa karya ta, sai da aka kawo Mushe Ɗan Azumi ya koyar a lekol ɗin Gidan Bawa, wato makarantar boko, a shekarar 1991. Mushe ake kiran malamin lekol a ƙasar, da bakin Faransanci.

Ya zo da akwatin littattafai, da agogon hannu mai ƙirga daƙiƙa, da fararen takalman gudu, da matarsa Zahara'u. A makarantar horon malamai ta Damagaram aka koya masa gudu, kamar yadda aka koya masa sauran abubuwa: da ƙa'ida, ba tare da an gaya masa inda za shi zauna ba.

Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya sa gajeren wando ya bi bayan lekol ya shiga daji. Ya ratsa marke da kanya, ya wuce tsohon gawon da tsawa ta raba biyu, ya ɓullo bakin gulbi inda masu lambu ke jan ruwa. Daga nan sai ya bi gaɓa, fili fetal, har mashigin Birnin Kuka, tsohon garin da ganuwarsa ta zaizaye ta koma tudu, rijiyoyin marinarsa suka cika da toka. Kilomita huɗu ke nan. Ran Lahadi yakan ƙara biyar, ya bi jar hanya har bakin tabkin Madarumfa, inda kaburburan waliyyai suke kwance, ya juyo.

Makon farko bai yi gudun kirki ba. Masu lambu suka yar da guga suka bi shi. Wani tsoho a Birnin Kuka ya fito da kwari da baka. Ɗelu mai ƙosai ta kife kaskonta ta kwashe jikoki ta yi cikin gida. Lawali direba, mai motar da ita kaɗai ce a ƙauyukan nan, sau uku yana taka birki ya buɗe ƙofa yana cewa, "Shigo, Mushe, wane ne ba lahiya?"

Mushe ya ga wannan duhun kai ne. Ya sa babbar riga ya tafi wurin mai garin Birnin Kuka, ya yi masa bayanin zuciya da huhu da zagayawar jini. Mai gari ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, Mushe. Amma an ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Kai mi ya koro ka?"

"Ba abin da ya koro ni, ranka ya daɗe. Lafiya nake nema."

"Wadda kake da ita fa, mi ta yi?"

Aka yi dariya, amma Mushe bai tashi ba sai da aka yi masa alkawarin za a sa mai shela ya gaya wa jama'a: in an ga malamin lekol na gudu, kada a tare shi, kada a tambaye shi. Haka ya yi a Gidan Bawa, haka ya yi wurin sarkin masu lambu.

Da ya dawo yana ba Zahara'u labari cikin jin daɗi, ta ɗago daga tankaɗen da take yi ta ce, "Malam, tambaya ce fa kawai. Ka amsa ka wuce."

"Minti biyu suke ci mini kowace safiya."

"To in ka tara mintocin, ina kake ajiye su?"

Ya duba agogonsa ya shige ɗaki. Ita kuwa ba ta sake tayar da maganar ba.

Mutane suna da saurin koyon abin da zai sauƙaƙa musu. Kafin shekara ta zagayo an saba. In ya wuce sai ya ɗaga hannu, Lawali ya danna masa oda sau biyu, Ɗelu ta ɗaga murya daga bakin kasko, "Mushe, a gaida wanda ya koro ka!" Shi kuwa ya duba agogo ya ga lokacinsa na raguwa, ya ji ya wayar da garuruwa biyu da masu lambu.

Ran wata Jumma'a cikin kakar 1994, cikin Zahara'u na wata takwas, ya dawo daga masallaci bayan sallar asuba ya tarar da tabarma jiƙe da jini. Ya kira Jummai ungozoma. Tsohuwar ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito, hannuwanta a bayan zane don kada ya gani.

"Mushe, wannan ba aikina ba ne. Nemo mota, a kai ta likita. Yanzu."

Amalanken garin duk sun fita ɗaukar hatsi tun da duku-duku. Mota guda ce, ta Lawali, kuma ran kasuwar Maraɗi irin ta yau takan tashi daga Birnin Kuka da ƙarfe bakwai na safe. Ya duba agogo: saura minti ashirin da biyu. Ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, ya kuma san yakan cinye ta a sha tara.

Nan ya yi abin da mai ilimi zai yi. Babbar riga na kama iska, silifa na zamewa a rairayi. Sai ya tuɓe, ya sa gajeren wandonsa, ya zauna a bakin ƙofa ya ɗaure igiyar fararen takalman, ƙulli biyu, yadda aka koya masa. Daga cikin ɗaki ya ji muryarta, ƙasa-ƙasa: "Malam, ka yi sauri." Bai taɓa jin ta roƙe shi gudu ba sai ran nan.

Ya ratsa dajin bai ga itace ko ɗaya ba. Ƙaya ta yage masa ƙwauri bai ji ba. Da ya ɓullo bakin gulbi masu lambu suka ɗago, suka gane shi, suka mai da kai ga albasarsu. Daga nan ana hango Birnin Kuka a tsallake, da motar Lawali a gindin tsamiya, ana ɗaure mata buhuna a sama. Mutanen da ke wurin motar ma suna hango shi. Minti biyar cur ya yi yana gudu a gaɓar nan, mutum goma sha wani abu suna kallonsa, kowa da hannunsa a aljihu.

Motar ta cika da wuri ran nan. Yana cikin ruwan mashigi, iya gwiwa, ya ji an tayar da inji. Ya buɗe baki zai yi ihu, babu numfashin da zai ɗauki murya. Ya ɗaga hannu. Ya ɗaga duka biyun.

Lawali ya danna oda sau biyu, ya ja motarsa.

"Mushe, a gaida wanda ya koro ka!" in ji Ɗelu.

Ya iso gindin tsamiyar ya durƙusa, ya faɗi sunan matarsa, ya faɗi jini. Ɗelu ta saki matsamin ƙosai cikin mai. Maza suka bi ƙurar motar suna kururuwa, amma kururuwa ba ta kamo mota. Mai keke ɗaya da ke garin ya riga ya tafi gona. Mushe ya miƙe ya kama jar hanya, kilomita biyar, har Madarumfa. A nan aka samu mota, amma sai da ta zagaya ta gada saboda ruwan gulbi. Sun isa Gidan Bawa hantsi ya ɗaga. Tun daga bakin gari ya ga mata tsaye a ƙofar gidansa, ya gane Zahara'u ta tafi da abin da ke cikinta.

Ran sadakar uku Lawali ya zo gaisuwa. Ya zauna a gefen tabarma yana murza hularsa, sannan ya ce, "Mushe, wallahi da ka ɗaga mini hannu..."

"Na ɗaga."

Lawali ya sunkuyar da kai. "Kullum kana ɗagawa."

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Mushe ya karanta isassun littattafai da zai san cewa gaskiya biyu na iya zama a tabarma ɗaya ba su gaisa ba. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin a cikin mutanen nan, ya rasa. Abin da ya roƙa suka yi masa, ba su rage ba.

Bayan arba'in ya sa babbar riga da hula, ya bi bayan lekol ya shiga daji, a ƙafa, sannu a hankali. Za shi wurin mai garin Birnin Kuka ne ya roƙi a sake yin shela, a janye ta farko. Sai ran nan ya lura kanya ta nuna tana zuba, ya kuma ga akwai wata tsohuwar maƙabarta kusa da gawon nan, wadda ya wuce sau dubu bai gani ba. Ya cire takalmi ya tsallake mashigin, ya haura tudun ganuwa.

Ɗelu na bakin kaskonta. Da ta hango shi yana tafe kamar kowane dattijo, sai ta ajiye matsami ta miƙe, ta taro shi tun daga nesa, fuskarta cike da tsoro.

"Mushe," ta ce, "lahiya?"