Ranar da Aka Ba Ruwan Jatau Gado

Jiya bayan Azahar na ɗan kishingiɗa a falo, sai barci ya yi awon gaba da ni, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a ƙofar wani asibiti da kwano a hannu. A cikin kwanon Jatau ne, jan kifin nan guda ɗaya da ya rage cikin bakwai da maigidana ya rasu ya bari a akwatin gilashi. Shida sun mutu a hannuna cikin wata biyar. Shi ma Jatau kwana uku ke nan yana haki a saman ruwa, ya tsuke jikinsa, gefen wuyansa ya yi jawur. Idan ya tafi, babu sauran mai rai a gidan da Malam ya ciyar da hannunsa. Duk da haka ban razana ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya, babu asibitin da zai ruɗa ni.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana hawa sama, don haka kowa ya riƙe lemarsa ta wajen ƙafa. A wurin yankan kati wata akuya ce da tabarau. Ta rubuta kati, ta cinye, ta ce an adana.

"Marar lafiya ya shiga, ɗan rakiya ya jira," in ji ta.

Na miƙa Jatau. Ta tsamo shi ta zaunar da shi a benci, ta ba shi jarida, ta shige ciki da ruwan.

Sai ga mu a ɗakin maza. An kwantar da ruwan a gado an lulluɓe shi da bargo, yana ta makyarkyata. Likitan wani ƙaton tarwaɗa ne mai gashin baki, sanye da farar riga.

"Likita, kifin ne ba lafiya," na ce. "Na ma san ciwon. Na fasa masa kafso har biyu."

"Mu nan sai mun duba gida kafin mu duba mai gida," ya ce. Ya sa wa ruwan wata 'yar takarda a ƙarƙashin harshe, ya zaro, ta rine ta zama shuɗiya. Ya shinshina ya kau da kai. "Daga ina kake?"

"Daga famfo," in ji ruwan. "Ko zama ban yi ba, da maganin hukumar ruwa a jikina aka juye ni a kan Jatau. Kullum haka take yi, ta zubar da na jiya tas, ta goge gilashi da sabulu."

"Tsafta ce," na ce. Ban ga abin kunya a ciki ba.

Likita ya juyo gare ni. "Ina soson da ke cikin matatar ruwan akwatin?"

"Wannan baƙin abin? Na dafa shi."

Sai ga wani dogon layi na wasu mitsi-mitsin halittu suna wucewa ta ƙarƙashin gado, kowa da tsintsiya a kafaɗa da tabarma a ka, kamar waɗanda gobara ta tasa. Likita ya ce masu sharar gidan Jatau ne, a cikin soson suke zaune, su ke cinye ƙazantar da yake fitarwa. Tun da na kore su, cikin fitsarinsa yake numfashi.

"Ƙwayoyin cuta ne fa," na ce. "Rabin rayuwata na yi ina kashe su."

"Waɗannan kam ma'aikatanki ne, Sista," in ji shi. Ya rubuta magani a bayan ganyen kabewa.

Sai ga ni a tagar karɓar magani. Wanda ke ciki Malam ne, da tsohuwar rigarsa mai tabon shayi da na sha cewa zan ƙona. Kewarsa ta kama ni. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya karanta ganyen, ya turo mini bokiti babu komai a ciki.

"Ki tara ruwa ki bar shi ya kwana. Gobe ki ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin kawai, ki mayar da wannan. Soso kuma a tsohon ruwan za ki ɗan matsa shi. Abinci kaɗan. Kafso babu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shekara tara kina yi mini faɗan bokitan da nake jerawa a lungu, Ladidi. Su ne ke riƙe da yaran nan." Ya dubi hannayena da sabulu ya cinye. "Tun da na tafi ba ki zauna ba. Me ya rage a gidan da ba ki wanke ba?"

Na buɗe baki zan rama, sai tagar ta fara tari, tana tari tana feshi.

Ashe famfon tsakar gida ne, an kawo ruwa bayan 'yan kwanaki da ɗaukewa. Na yi zumbur na miƙe. Ƙanwata Uwani tana tsaye a gaban akwatin gilashin da ƙullin sabulu da moɗa, don ni na ce mata da an kawo ruwa ta kwashe kifin mu wanke.

"Ajiye, Uwani. Tara bokiti ɗaya ki kai lungu, a bar shi ya kwana."

Ta dubi gilashin da ya fara yin kore, ta dube ni. "Yaya, ke ce kuwa? Dubi dattin fa."

"Na gani. Bar masa kayansa, zai tashi in Allah ya yarda."

Na jawo kujerar Malam gaban akwatin na zauna. Jatau yana haki, ni ina kallonsa, har aka kira La'asar ban wanke ko cokali ba.